Tafiyar ƙafa, tsarin unguwa da ciwon sukari

Darasinmu na wannan fitowa a kan ciwon sukari yake. A da ana ce masa ciwon masu kuɗi, ko ciwon alhazan birni. Yanzu ya shiga gidan talaka, ya shiga gidan malami, ya kai har ƙauye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 mutum miliyan 200 ke da shi a duniya. A 2022 sun kai miliyan 830. A nan Nijar, binciken da aka yi a 2007 ya nuna kusan mutum 4 cikin manya 100 suna ɗauke da shi. Da yawa daga cikin masu shi ba su ma sani ba.

In aka tayar da zancen wannan ciwo, kowa abinci yake tunawa. Gaskiya ne, abinci na da hannu a ciki, gado ma haka. Amma akwai wani abu da ba a cika faɗa ba, shi ne ƙafa, da kuma wurin da ƙafar ke takawa, wato unguwar da mutum yake zaune. Likitoci sun lura cewa yadda aka shata unguwa yana iya ƙara wa mutanenta hatsarin kamuwa, yana kuma iya rage musu. Za mu bi maganar daki-daki.

Ina sukarin jini ke fitowa?

Kada mu ɗauka sukarin kanti kaɗai ake nufi. Tuwon gero, fura, shinkafa, burodi, rogo, dankali da taliya, duk in sun shiga ciki sai hanji ya narkar da su, su koma wani irin sukari. Sukarin nan sai ya bi jini ya zagaya jiki. Shi ne abincin tsoka da ƙwaƙwalwa. In babu shi, babu ƙarfin riƙe hauya.

Amma sukari ba ya shiga tsoka kai tsaye. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci na ce mata pankireyas. Ita ke fitar da wani ruwa mai suna insulin. Mu kwatanta tsoka da rumbu, sukari da hatsin da aka kwaso daga gona, insulin kuwa shi ne mai buɗe bakin rumbu. In ya buɗe, sai a zuba hatsi, tsakar gida ta share. In bai zo ba, ko kuwa bakin rumbun ya ƙi buɗuwa, hatsi zai tare a tsakar gida, wani a kan wani. Haka sukari ke tarewa cikin jini.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko, gaɓar nan ce ke daina fitar da insulin. Ya fi kama yara da matasa. Tafiya ba ta hana shi, kuma mai shi dole ya yi allurar insulin kullum. Na biyu shi ne na yawancin mutane, fiye da 9 cikin masu ciwon 10. A nan insulin yana nan, amma jiki ya daina jin maganarsa. Teɓa da yawan zama su ke ƙara tauye shi. A kan wannan na biyu darasinmu yake.

Sukarin da ya daɗe cikin jini yana ɓarna a ɓoye, kamar gara cikin azara. Yana lalata ƙananan hanyoyin jini na ido da na ƙoda. Yana kashe jijiyoyin ƙafa, har mutum ya taka ƙaya bai ji ba. Yana jawo ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan uwa da aka yanke wa ƙafa ya san abin ba ƙarami ba ne, kuma ya san kuɗin da yake ci.

Abin da tafiya ke yi wa sukari

Bayan an ci abinci, tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ya shiga jini. Manyan tsokoki kuwa a ƙafa suke, a cinya da ƙwauri. Tsokar da ke aiki tana da wata baiwa: tana buɗe wata ƙofa ta biyu, ta ja sukari ba tare da ta jira insulin ba. Bayan an huta kuma, jiki yakan ci gaba da jin maganar insulin har kwana 1 ko 2. Daga nan sai amfanin ya dushe. Kamar ban ruwan lambu ne da rani: in an yi kwanaki ba a zuba ba, ruwan makon jiya ba zai ceci shuka ba. Shi ya sa tafiya kaɗan kullum ta fi doguwar tafiya sau ɗaya a wata.

An gwada wannan a Amurka, aka bayyana sakamakon a 2002. An ɗauki mutum 3.234 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Aka raba su kashi 3. Kashi na farko an ba su shawara kawai, da ƙwayar da babu magani a cikinta. Na biyu an ba su maganin metformin. Na uku aka taimaka musu su yi motsa jiki na minti 150 a mako, yawanci tafiya da sauri, su kuma rage ƙiba kaɗan. Aka bi su kusan shekara 3. Cikin kowane mutum 100, a kashi na farko 11 ke kamuwa a shekara. A na biyu kusan 8. A na uku kusan 5. Ke nan ƙafa da gyaran ci sun fi ƙwaya aiki.

Mu yi lissafi tare. Minti 30 sau 5 ya ba da minti 150. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so babba ya samu a mako. Ba dole ne a yi minti 30 ɗin a tashi ɗaya ba. Minti 10 da safe, 10 da la'asar, 10 bayan isha'i, duk sun shiga lissafi. Saurin da ake so shi ne wanda mutum zai iya yin magana yana tafe, amma ba zai iya rera waƙa ba.

Lokaci ma yana da tasiri. Sukari ya fi hawa cikin awa 1 ko 2 bayan cin abinci. A ƙasar Niyu Zilan, a 2016, an gwada masu ciwon sukari 41. Wani lokaci su yi tafiyar minti 30 a duk sa'ar da suka ga dama, wani lokaci kuma minti 10 bayan kowane abinci. Tafiyar bayan abinci ta fi sauke sukari, musamman bayan abincin dare. Mu kuwa tuwon dare shi ne abincinmu mafi nauyi, kuma daga shi sai tabarma.

Labarin unguwannin Kanada

To, ina unguwa ta shigo cikin wannan magana? Bari mu je ƙasar Kanada, jihar Ontariyo, inda birnin Toronto yake. A wannan birni ne aka gano insulin a 1921, aka fara yi wa wani yaro allurarsa a farkon 1922. Shekaru da yawa bayan haka, likitocin birnin suka yi wata tambaya: me ya sa wasu unguwanni suka fi wasu yawan masu ciwon sukari?

Sai suka auna unguwanni da ma'auni 4. Yawan mutane a wuri ɗaya. Yawan gidaje. Yawan wuraren buƙata, kamar kantuna da makarantu, da mutum zai isa cikin tafiyar minti 10. Sai kuma yadda hanyoyi ke haɗuwa da juna, wato ko akwai mararraba da yawa, ko kuwa hanya ɗaya ce doguwa mai zagaye. Unguwar da ta cika waɗannan ita ce mai daɗin tafiyar ƙafa. Wadda ta rasa su, mazauninta ko burodi zai saya sai ya tayar da mota.

Likita Gillian Booth da abokan aikinta suka duba unguwa 8.777 a Toronto da Otawa da Hamilton da wasu biranen jihar, daga 2001 zuwa 2012. Sun duba mutane masu shekara 30 zuwa 64. An buga sakamakon a 2016. A unguwannin da suka fi daɗin tafiya, cikin mutum 10.000, 77 ne ke kamuwa da ciwon a shekara a 2001. Zuwa 2012 sun ragu zuwa 62. A unguwannin mota kuwa ba a ga wani ragi ba. Masu ƙiba ma haka: a 2001, kusan 43 cikin 100 ne a unguwar tafiya, 53 a unguwar mota. Cikin waɗannan shekaru masu ƙiba suka ƙaru a unguwar mota, a unguwar tafiya kuwa ba su ƙaru ba.

A nan ne muke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Likitocin sun duba ko mutanen unguwar tafiya sun fi sauran yin wasannin motsa jiki a lokacin hutu. Ba su fi su ba. Sun duba cin ganye da ƴaƴan itace, da shan taba. Babu wani bambanci mai yawa. Bambancin da ya fito fili shi ne yadda ake zuwa aiki da kasuwa. Waɗannan da ƙafa suke zuwa, ko da keke, ko su taka zuwa tashar motar haya. Waɗancan daga ƙofar gida sai cikin mota.

Wannan magana tana da nauyi. Mutumin da aka ce wa ya riƙa motsa jiki yakan fara da zafi, bayan mako 2 ya bari. Gajiya ta zo, baƙi su zo, sanyi ya sauka. Amma wanda kasuwa ke kusa da shi ba ya buƙatar niyya kowace safiya. Gishiri ya ƙare, ya taka. Yaro zai tafi makaranta, ya raka shi. Bai ce yana neman lafiya ba, buƙata ce ta fitar da shi, amma tsokarsa ba ta san bambanci ba. Minti 10 zuwa, minti 10 dawowa, sau 2 a rana, ya wuce abin da likita ya nema.

Akwai wani binciken nasu na 2013 da ya fi kusa da halinmu. A Toronto, sun bi baƙin da suka shigo Kanada ba da daɗewa ba, mutum fiye da 200.000, tare da tsofaffin mazauna fiye da miliyan 1, daga 2005 zuwa 2010. Cikin tsofaffin mazauna, inda mutum 10 suka kamu a unguwar tafiya, 12 ko 13 ne suka kamu a unguwar mota. Cikin baƙi kuwa, inda 10 suka kamu a unguwar tafiya, kusan 16 ne a unguwar mota. In talauci ya haɗu da unguwa marar tafiya, abin ya fi muni. Baƙon da ke zaune a unguwar talakawa marar daɗin tafiya ya ninka baƙon unguwar masu hali mai daɗin tafiya sau 3 wajen kamuwa.

Mu faɗi iyakar wannan bincike, don kada a ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Ba a ɗauki mutane an sauya musu unguwa don gwaji ba, an dai duba su inda suke zaune. Mai son tafiya yana iya zaɓen unguwar tafiya tun farko. Haka kuma a 2019 wasu likitocin jihar sun nuna cewa inda hayaƙin motoci ya yi yawa, amfanin unguwar tafiya yana raguwa. Duk da haka, in muka haɗa wannan da abin da aka sani game da aikin tsoka, da gwajin Amurka, maganar ta tsaya da ƙafafunta.

Mu dawo gida

Kanada ƙasar ƙanƙara ce, mu ƙasar rana. Lambobinsu nasu ne, ba za mu ɗora su a kan Tawa ko Maraɗi ba. Amma jikin ɗan Adam ɗaya ne, kuma abin da ya sami baƙin Toronto yana kama da abin da ke samun wanda ya baro ƙauye ya zauna birni.

Manomi da damina ba ya buƙatar wannan darasi. Zuwa gona, noma, kai taki, kora dabbobi, duk aikin tsoka ne. Amma ga shi ya shigo birni, ya samu gadi ko tebur. Daga safe zuwa dare yana kan benci. Shinkafa da burodi sun maye gurbin gero. Shayi kuma ga shi, na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa. Cikin shekara kaɗan sai teɓa ta fito, ƴan uwa su ce birni ya karɓe shi. Mu kam ba ma ganin teɓa alamar hutu ce. Ko a ƙauye ma, mu lura da watannin rani, lokacin da aikin gona ya ƙare, aka koma zaman gindin itace.

Tsofaffin unguwanninmu sun cika ma'aunin nan 4 tun kafin a ƙirƙiro shi. Wanda ya san unguwar Birni ko Zango a Damagaram ya san haka. Gidaje manne da juna, lungu na shiga lungu, katanga na ba da inuwa. Masallaci, makarantar allo, mai tebur, mai niƙa, maƙeri, gidan ƴan uwa, duk ƙafa na kai mutum. Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa take. Yanzu ta koma cikin wayar salula.

Garuruwa kuma suna ta faɗi. A ƙidayar 1988 mutanen Yamai ba su cika 400.000 ba. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan 1. Maraɗi, wadda aka sake ginawa a kan tudu bayan ambaliyar 1945, ita ma ta bazu nesa da tsohuwar kasuwarta. Sababbin unguwanni na bayan gari yawancinsu gidajen kwana ne kawai. Kasuwa nesa, gidan likita nesa, wurin aiki nesa. Tafiyar da ta wuce awa 1 cikin zafin watan Afrilu ba wanda zai yi ta da son ransa. Sai a tsayar da kabu-kabu ko adaidaita sahu. Ba mu ga laifin kowa a nan ba. Sai dai abin ya zama jiki: wanda ya saba hawa don tafiya mai nisa, gobe zai hau don zuwa masallacin da ke bayan gidansa. Kuɗin da ke tafiya a haka, in an tara na wata, ya isa awon sukari da saura.

Akwai kuma abubuwan da ke hana ƙafa fita ko da wurin yana kusa. Hanya babu inuwa. Ruwan kwata ya tare lungu. Mai gini ya zube yashi da bulo a kan hanya, ya bar su shekara. A bakin kwalta, ƴan tebur da masu gyaran babur sun cinye gefen masu ƙafa, sai mutum ya sauka cikin motoci. Da dare duhu, ga karnuka, ga tsoron ɓata-gari. Saurayi zai iya tsallake duk wannan. Tsoho da mace mai ciki da mai goyo ba za su iya ba, su kuwa su ne suka fi buƙatar tafiyar.

Maganar mata tana buƙatar kulawa ta musamman. Injin niƙa da famfo sun sauke wa mata wahalar daka da ɗaukar ruwa daga nesa. Wannan alheri ne, ba mai hankalin da zai ce a koma baya. Amma matar birni da ba ta fita, ga mai aiki ko yara na yi mata aike, tana iya yin wuni ba ta yi taku mai yawa ba. Muna kira ga maigida ya gane cewa tafiyar matarsa magani ce. Ziyarar ƴan uwa da ƙafa, zuwa makarantar yaƙi da jahilci ko ta Islamiyya, rakiyar yaro zuwa awo, duk suna cikin lissafin minti 150. Wadda ba ta samu fita ba, ta zagaya tsakar gida minti 10 bayan abinci. Shara da wanki da ɗan daka ma aikin tsoka ne.

Abin da unguwa za ta iya yi

Mutum ɗaya ba ya gyara unguwa, amma mai unguwa da limami da ƙungiyar mata da ƴan fada in sun haɗa kai suna iyawa.

Abu na farko inuwa. Bedi ba ya wuyar kamawa, yana jure fari, ganyensa ba ya ƙarewa da rani. A dasa shi da damina, in ƙasa ta jiƙa sosai. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, lokaci ne mai kyau. Amma dashe ba shi ne aikin ba, reno ne aikin. A kewaye shi da ƙaya ko tsofaffin bulo saboda awaki. A ba kowane gida itacen ƙofarsa. Ruwan alwala da na wanke hatsi sun ishe shi a ranin farko. Manoman jihar Maraɗi sun nuna wa duniya yadda ake rayar da itatuwa cikin gona ta hanyar barin toho ya girma. Abin da aka iya a gona ba zai gagara a ƙofar gida ba.

Na biyu, a buɗe hanya. Kowane gida ya haƙa ramin ruwan wanka a rufe, kada ya sako shi lungu. Wanda ya gama gini ya kwashe sauran kayansa. Samarin fada da ke zaman shayi har dare, in suka sa fitila a bakin lungu suka sa ido, tsofaffi da mata za su samu ƙarfin zuciyar fita bayan isha'i. Su ma kansu samarin, su rage sukarin butar, su miƙe ƙafa tsakanin na ɗaya da na biyu.

Na uku ya fi wuya, kuma ya fi daɗewa yana amfani. In ana yanka sababbin filaye, akan keɓe wuri don kasuwa, makaranta, gidan likita da filin wasa. Jama'a su nemi a nuna musu waɗannan wurare a kan takardar taswira, su san iyakarsu, su kuma tsare su. In aka wayi gari an yanka su an yi gidaje, unguwar ta zama ta babur har jikoki. Mai karatu da ya iya karanta takarda yanzu yana da bakin yin wannan tambaya a ma'aikatar magajin gari. Mai neman filin saye ma, ban da kuɗin fili, ya tambayi kansa: daga nan ina ƙafa za ta iya kai ni?

Ga wanda ya riga ya kamu

Tafiya tana taimakon mai ciwon sukari ƙwarai, amma ba ta maye gurbin magani. Kada a bar ƙwaya ko allura sai da izinin likita. A fara da kaɗan, minti 5 ko 10, a riƙa ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa. A zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar, a sha ruwa.

A kula da ƙafa kamar ido. Kada a taka ƙasa ba takalmi, ko a cikin gida. Rairayi mai zafi yana ƙona tafin da ba ya ji, ƙarangiya da ƙusa suna shiga ba a sani ba. A zazzage takalmi kafin a sa. Kowane dare a wanke ƙafa, a share tsakanin yatsu, a duba tafin da haske. Wanda idonsa ya yi rauni, ɗansa ko matarsa su duba masa. In an ga rauni, ko ƙarami ne, a daina doguwar tafiya, a je gidan likita ran nan. Kada a tsaya shafa toka ko garin magani.

Mai yin allurar insulin, da mai shan wasu ƙwayoyi irin su gilibenkilamid, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ainun in ya yi tafiya da yunwa. Alamun su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, da bugun zuciya. Ya riƙe ƙwayar sukari 3 ko dabino a aljihu. In ya ji haka ya zauna ya ci nan take. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko numfashi ya ɗauke masa yana tafe, ya tsaya, a kai shi likita.

Yaya mutum zai san halin jininsa?

Alamun ciwon sanannu ne: yawan ƙishirwa, yawan fitsari har cikin dare, kiyashi na taruwa inda aka yi fitsari, rama ba dalili, kasala, gani dishi-dishi, da miki mai ƙin warkewa. Amma ciwon kan yi shekaru bai nuna alama ba. Siririn mutum ma yana kamuwa. Awo kaɗai ke faɗin gaskiya.

Ana zuwa awo da safe, bayan awa 8 ba a ci komai ba. Ruwa ba ya ɓata shi. Ɗigon jini ɗaya ake ɗauka a yatsa, ko kaɗan a hannu. Ga yadda ake karanta takardar. Daga 0,70 zuwa ƙasa da 1,10 na giram a lita, lafiya lau. Daga 1,10 zuwa 1,25, sukari ya fara hawa. Wannan shi ne matakin da tafiya da gyaran ci suka fi amfani, kamar mutanen gwajin Amurka. In ya kai 1,26 ko ya wuce, za a sake awo wata rana. In ya sake nuna haka, ciwon ne, sai a bi umurnin likita.

Waɗanda ya kamata su je ko ba su ji komai ba: wanda ya wuce shekara 40, mai teɓa, mai hawan jini, wanda uwa ko uba ko ɗan uwansa na jini ke da ciwon, da matar da ta taɓa haifar jariri mai nauyin fiye da kilo 4.

Ga aikin da muka ba ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci kafin fitowa ta gaba. Kowa ya fito ƙofar gidansa da agogo ko waya, ya yi tafiyar minti 10 ta gabas, wata rana ta yamma, da kudu, da arewa. Ya rubuta cikin littafinsa wuraren buƙata da ya tarar, da yawan itatuwa masu inuwa a kan hanya, da abin da ya tare masa gaba. A kawo wa malami, a karanta a aji, a haɗa na kowa a takarda ɗaya, a kai wa mai unguwa.